Yarinyar Garou

A bayan rumfunan albasa na kasuwar Malanville, inda hanya ke gangarawa wajen kogi, akwai wata darbejiya da ta tsufa har ta karkace. A ƙarƙashinta Husaina mai kitso ta yi zaman sana'arta, tun ƙasar tana amsa sunan Dahome har aka sauya mata suna zuwa Benin. Kayan aikinta ba su da yawa: kujera 'yar tsugunno, tabarma, tsinken kitso, da ɗan kwanon man shanu. Mace ce gajera, mai faɗin kafaɗa da ƙarfin yatsu. In za ta yi faɗa da Dandanci, harshen garinsu, take yi, in za ta yi wasa ta koma Hausa. Mijinta Hamani yakan ce tun daga ƙofar gida yake kasa kunne ya ji da wane harshe ake magana kafin ya yi sallama.

A Garou aka haife ta, ƙauyen shinkafa da albasa a bakin ruwa, ita da 'yar'uwar tagwaicinta Hasana. A kan juna suka koyi kitso. Shekarar da ƙasar ta samu 'yancin kai aka yi musu aure, kowace da saurayin da ta zaɓa, ba su wuce shekara goma sha shida ba. Hasana ce ta fara samun ciki.

Al'adar mutanen wurin sananniya ce. Yarinya mai cikin fari ba ta faɗin tana da ciki, ba ta amsawa in an tambaye ta, ba ta kukan ciwo a gaban manya. In naƙuda ta zo, jaruma ita ce wadda ba a ji muryarta ba. Kunya ke nan, kuma da ita ake auna tarbiyyar gida.

Hasana ta cika wannan sharaɗi fiye da kowa. Ta daina hira, ta daina dariya, ta rage cin abinci, mata suna ta yabo. Sau ɗaya ta buɗe baki, ranar da Husaina ke yi mata kitso, ta ba ta baya, kanta a kan gwiwarta. Ta ce wai akwai wata yarinya a garin nan da tsoro ya hana barci. Husaina ta tambaye ta wace ce, ta ce ta manta sunanta. Da naƙuda ta zo mata sai ta shige bayan ɗaki ta yi shiru, ba wanda ya sani sai da abin ya fi ƙarfin ungozoma. A wurin zaman makoki Husaina ta ji wata tsohuwa tana faɗa, cikin yabo, cewa ko uffan yarinyar ba ta ce ba.

Husaina ba ta yi gardama da kowa ba, don ita ma yarinya ce a lokacin. Abu ɗaya ta riƙe daga wannan rasuwa: yarinya ba ta iya faɗin abin da ke ranta ido cikin ido, amma in ta ba da baya, kuma aka ba ta wata da za ta laɓe a bayanta, tana iyawa.

Hamani ɗan gidan masu fito ne, sai dai kadarkon da aka gina tsakanin Malanville da Gaya ya cinye sana'ar gidansu. Ya kwaso matarsa suka dawo gari, ya kama ɗinkin bakin buhunan albasa, ita kuma ta shimfiɗa tabarmarta a gindin darbejiya. A nan aka haifi yarinyar Garou. Duk lokacin da aka kawo wa Husaina amarya mai cikin fari, ta ji a yatsunta cewa kan nan ba lafiya, sai ta fara ba da labarin wata yarinya can garinsu, mai ciki, wadda ba ta barci. Ba ta tambayar amaryar komai. Labarin take bayarwa, tana tsagar gashi, har wata rana amaryar ta karɓe shi daga bakinta ta ci gaba da shi.

Matan da suka bi ta wannan tabarma sun san sirrin, kuma sun riƙe shi. In sun haɗu a wurin biki sukan tambayi juna ko yarinyar Garou ta sauka, a ce ina, har yanzu tana fama. Ta ga juyin mulki iri iri da cikin nan nata. Ta kai har zamanin juyin juya hali, lokacin da kowa ya koma kamarad, wato abokin gwagwarmaya, da jandarma da mai sayar da goro, ba ta haihu ba.

Husaina ba ta taɓa cewa ita likita ce ba. Akwai yarinyar da ta saurara ta ga magana ba za ta ishe ta ba, ta tsaya kan iyayenta sai da suka kai ta babban asibiti a Parakou. Akwai kuma waɗanda aka kawo mata a makare. Ba ta son zancensu. Wadda aka fi tunawa da ita a unguwar ita ce Sa'adiya.

A shekarar 1984 gwamnatin soja ta Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, damina kuma ta ƙi. Masu ƙarfin ƙafa suna bin daji su shiga su fita, amma hanya ce ta gudu da ɓuya, ba ta mace mai tsohon ciki ba. Sa'adiya 'yar Kamba ce, ta ɓangaren Najeriya, shekararta goma sha shida. Ita ta ga Ɗanliti ta ce shi take so, ƙawayenta suna yi mata tsiya saboda dogon wuyansa. Ya kawo ta Malanville inda yake yi wa kawunsa awon albasa, suka zauna a gidan kawun, a hannun matarsa Hajiya Fatu. Bisa al'ada, in ciki ya tsufa sai a mai da yarinya gidan uwarta goyon ciki, ta haihu a can. Rufe iyaka ya hana wannan.

Wata safiya Hajiya Fatu ta taho da ita gindin darbejiya.

"Husaina, ga ɗiyata na kawo miki. Ki gyara mata kan nan, ya koma kamar sheƙar tsuntsu."

"Hajiya, naki ma ba shi da nisa da hakan. Zauna, amarya."

Sa'adiya ta zauna ta ba da baya. Hajiya Fatu ta gyara mayafi ta shiga yabo.

"Wagga yarinya, tun da nike ban ga mai kunya irin tata ba. Wuni guda ba ki jin muryarta. Tuwo ma sai an yi da gaske take taɓawa. Gidansu sun yi tarbiyya."

Yatsun Husaina suka shiga aiki. Gashin yana biyo tsinke. Jijiyoyin ƙeya sun sandare kamar igiyar jirgi. Da ta karkata kan don ta ga goshi, sai ta ga leɓen ƙasa ya sha cizo, wuyan hannu kuma bai kai na mai ciki wata bakwai ba. Irin wannan yabo ta taɓa jin sa a Garou.

"Ƙanana zan yi mata, irin na Zabarmawa," ta ce. "Sai la'asar. In kina da abin yi a kasuwa ki tahi, Hajiya, ba a satar amare nan."

Da Hajiya ta ba da baya, Husaina ta lakato man shanu ta murza a tafin hannu, ta fara.

"Akwai wata yarinya can garinmu Garou. Kamar ke haka, sai dai kin hi ta hanci. An ce in ta kwanta zuciyarta sai ta riƙa bugu kamar ana daka. Tunani guda shi zo shi koma, shi zo shi koma. Kowa na yabonta, ita kuwa ji take kamar an ɗora mata turmi a ƙirji."

Sa'adiya ba ta motsa ba. Can sai Husaina ta ji ɗigon ruwa mai ɗumi a bayan ƙafarta, wani ya biyo. Ba ta duba ba. Ta ci gaba da kitso da labarin farashin kifi har ta gama gefen dama, sannan ta ajiye tsinke ta kama babban yatsanta tana matsawa.

"Kash, yatsan nan ya motsa. Ɗaura kallabi, ɗiyata, ki dawo gobe mu ƙarasa."

Yatsan lafiyarsa lau. Amma mace ba ta zama da rabin kai, kuma ba surukar da za ta hana ta komawa a ƙarasa mata. Wannan dabara ta ci wa Husaina suna ba kaɗan ba. Masu kitson bakin tasha sun daɗe suna yaɗa cewa hannunta ya tsufa, kan da wata ke gamawa kafin azahar ita sai ta yi mako a kansa. Tana jin zafin maganar, don mace ce mai alfahari da aikinta, amma ba ta taɓa kare kanta ba.

Sa'adiya ta dawo, ta sake dawowa. In Husaina ta gama hagu sai ta ga dama ya kwance, ta tsefe ta sake. Hajiya Fatu tana mita a gida, tana cewa da ta sani bakin tasha ta kai ta. Yarinyar Garou kuwa kullum da abin da ke damunta: yau kewar uwarta, gobe haushin kowa ba dalili, jibi kuka a bayan ɗaki. Wata rana da hantsi, ba kowa a tabarmar sai su biyu, Sa'adiya ta yi magana, muryarta a dishe saboda rashin amfani.

"Inna, yarinyar nan ta Garou, tana da yaya?"

"Ina jin tana da. Mi ya samu yayar?"

Sai labarin ya fito, a hankali, da tsayawa. Yayar ta yi doguwar naƙuda a ɗaki, ɗan bai zo da rai ba, kuma tun daga ranar fitsari bai sake tsaya mata ba. Aka ware mata ɗaki a ƙarshen gida da tabarmarta ita kaɗai, mijinta bai sake takowa ba. Yarinyar ta ji mata suna cewa ɗan ne ya yi girma da yawa.

"Shi ya sa ba ta cin abinci," in ji Sa'adiya. "Don kar shi girma."

Hannun Husaina bai tsaya ba.

"Sai mi kuma?"

"Tana ganin Allah na hushi da ita. An ba ta abin da wasu ke nema da kuka, ita ba ta murna. In ta je wanki kogi, sai ta daɗe tana kallon ruwa."

"Tana jin kamar ta shiga?"

Sa'adiya ta murza bakin zaninta.

"Ba ta so. Tunanin ne ke zuwa da kansa."

"To, daga yau ba ta zuwa kogi ita ɗaya. Wankin ma a bari, ba sarki zai zo duba zannuwa ba." Husaina ta ja wata tsaga. "Ki hwaɗa mata, in kin gan ta, tsoro ba butulci ba ne. Wanda ya ba ta cikin ya san shekarunta. Kuma ba zan yi mata ƙarya in ce ba a wahala a haihuwa ba. Amma yunwa ba ta rage wahalar, ƙarhin uwa take cinyewa, ranar da ake nemansa a rasa. Abin da ya samu yayar, daɗewar naƙuda cikin ɗaki ce ta kawo shi, ba tuwo ba. Akwai Ramatu a asibitin haihuwa, ita ta hwaɗa mini. Tana duba mace tun da sauran lokaci. In ta ga abin ya hi ƙarhinta, mota take sawa a kai ta asibitin Kandi."

"Ba za a bar ta ta je ba."

"Wannan aikina ne. Nata aikin shi ne ta taya ni cin dambun nan, Hamani ya sawo kamar na masu noma."

Sa'adiya ta ci loma kaɗan. Husaina ba ta matsa ba.

Daga nan kitso ya zama dalilin fita kawai. Kullum da safe Sa'adiya tana gindin darbejiya. Akwai wasu 'yan mata biyu masu irin nata nauyin da ke zuwa, Husaina ta haɗa su a kwano ɗaya, ta ba su tsintar shinkafa don hannu ya samu abin yi. Da yamma su taka tare har bakin kadarko su dawo, suna kallon manyan motoci a layin duwan, wato kwastan. In ta ji ƙeyar Sa'adiya ta fara sandarewa, tana da hanyarta.

"Ja numfashi in na tsaga. Sake shi a hankali, kar shi ƙare sai na kai ƙarshen layi. Haka. In tunanin ya zo miki a gida, ki kama gashinki ki yi wa kanki layi guda."

Ba kullum abin ke ci ba. Akwai ranakun da Sa'adiya ke zuwa idanu a kumbure, ta zauna har ta tashi ba ta ce komai ba. Amma kumatunta sun fara dawowa, kuma an ji ta yi dariya ranar da akuya ta sa kai a kwanon man shanu.

Saura mutum biyu. Na farko Ɗanliti. Husaina ba za ta iya tare ɗan mutane da zancen cikin matarsa ba, shi ma kunyar ta ɗaure masa baki kamar yadda ta ɗaure na matar. Sai ta aiki Hamani, ta koya masa yadda ake yi. Hamani bai taɓa iya zagaye ba. Ya sami Ɗanliti a bakin ma'auni, yana ɗinke buhu yana magana.

"Ɗana, akwai wani yaro can Garou. Matarsa na da, to, ka dai gane. Yaron nan sakarai ne. Shi dawo kasuwa, shi ci tuwo, shi juya baya shi kwanta, bai ce mata ko sannu."

"Baba Hamani, mi ne sunan yaron?"

"Na manta. Yana dai da dogon wuya."

Masu dako suka fashe da dariya. Ɗanliti ya sunkuyar da kai, kunnuwansa kamar su kama wuta. Da aka watse ya dawo wurin tsohon, ya ce shi ma ba ya barci, ya ga matarsa tana ramewa, bai san abin da ake cewa ba. Hamani ya ce ba a cewa komai, soyayyen kifi ake sayowa a zauna. Da Husaina ta ji yadda aka isar da saƙonta, da Dandanci ta karɓi mijinta a ranar. Amma Ɗanliti ya fara shigowa gida da kifi a takarda, ya zauna a bakin ƙofa yana ba matarsa labarin mutanen Kamba da ya gani a kasuwa.

Ta biyu Hajiya Fatu. Ita da kanta ta zo, mayafi a kafaɗa, ba ta ko zauna ba.

"Husaina, na ji wai asibiti kike son kai mini ɗiya. Gidanmu ba a kai mai cikin hwari gaban baƙi su buɗe ta. Amana anka ba ni. In wani abu ne ya taɓa ta a bakin ruwa, na karɓo mata rubutu."

"Rubutu ta sha, ba mai hana ta. Zauna in tsehe miki kan nan, kina tsaye kina sa ni ciwon wuya."

Hajiya ta zauna, don kan yana bukata, kuma faɗa a tsaye yana gajiyar da mai jiki. Ta ba da baya. Husaina ta tsefe, ta shafa mai, ta fara labarin yarinyar Garou. Sai dai a wannan karon ba ta ƙara komai ba, ba ta rage ba, kuma ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa wadda take yi wa kitso ba.

"Sunanta Hasana. Ciki guda munka kwanta. Ta yi kunya yadda kike so, Hajiya. Har wurin makoki ana yabonta."

Husaina ta yi layi, ta yi wani. Hayaniyar masu albasa tana zuwa tana komawa. Can Hajiya ta yi magana, ba da muryar da ta zo da ita ba.

"Nawa na hwari namiji ne. Ban ko gan shi ba. Zane na cusa a baki har anka gama."

"An yabe ki?"

"An yabe ni."

Husaina ta kai ƙarshen layi ta ɗaure. Ba ta yi rabin kai ba, ta gama shi tsaf. Hajiya ta tashi ta ɗaura kallabi, ta tsaya tana gyara shi fiye da yadda yake bukata.

"Wace rana ake awon nan?"

Su biyu suka raka Sa'adiya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, Hajiya tana harara duk wanda ya kalle su. Ramatu ungozomar asibiti ta duba ta, ta ce jininta ya yi ƙasa, ta ba ta magani, ta ce ta ci abinci. Ta kuma ce abu ɗaya take so: ranar da ciwo ya fara, a kawo ta tun da wuri, kar a jira. A hanyar dawowa Husaina tana tunanin wannan. Ramatu ta yi nata, Hajiya ta sauko, Ɗanliti yana sayo kifi. Amma ba wanda zai san ciwo ya fara sai in Sa'adiya ta faɗa, kuma har yanzu ba ta taɓa cewa komai da sunan kanta ba.

Ranar ta zo a ranar cin kasuwa. Sa'adiya ta iso da safe kamar kullum, ta zauna ta ba da baya, Husaina ta fara kitson da ake yi wa mai shirin sauka, wanda zai daɗe bai tsufa ba. Ta kai tsakiyar kai sai ta ji wuyan ya ɗaure a ƙarƙashin yatsunta, ya saki, bayan ɗan lokaci ya sake ɗaurewa. Gumi ya tsatsafo a tsagar. Ta san wannan. Ta riga ta yanke cewa ko an faɗa ko ba a faɗa ba, tana gama layin nan za ta kira Hamani. Ta gyara murya.

"Yarinyar nan ta Garou, an ce yau..."

Sa'adiya ta juyo. Ba a juyowa ana tsakiyar layi, gashin ya kuɓuce daga hannun Husaina ya warware. Ta dube ta ido cikin ido.

"Inna, bar ta Garou. Ni ce. Tun asuba nike jin ciwo, kuma tsoro nike ji."

Husaina ta ajiye tsinke. Ta kama fuskar da hannu biyu, man shanu da komai.

"Na ji, ɗiyata. Tashi mu tahi."

A amalanken albasa aka kai ta, da rabin kai, Hamani yana jan jaki yana roƙon hanya da harsuna uku. Naƙudar ta yi tsawo. Ramatu ta sa an nemo direba ya zauna kusa ko za a bukaci Kandi, amma ba a kai ga haka ba. Sa'adiya ta ja numfashi yadda aka koya mata har inda numfashi ya iya, daga nan ta buɗe baki ta yi ihu. Ta kira uwarta, ta kira Inna, ta kira Ɗanliti da sunansa, abin da matar kirki ba ta yi. Shi kuwa yana tsaye a gindin katanga, wuyan nan ya ƙara tsawo. Kafin magariba ta haifi 'ya mace, ƙarama amma mai ƙarfin murya.

Wata maƙwabciya da ta zo barka ta matso kusa da Hajiya Fatu, ta ce a hankali wai an ji muryar amarya har ofishin duwan, me za a ce in labari ya kai Kamba.

"Ta ina zai kai?" in ji Hajiya. "Iyaka a rufe take."

Ba a nan wahalar ta ƙare ba. Bayan haihuwa Sa'adiya ta yi kwanaki tana kuka ba ta san dalili ba. Bambancin shi ne yanzu tana faɗa. Husaina ta bar tabarmarta da sassafe tana zuwa, ita da Hajiya suna dafa ruwan wankan jego suna gardama kan yawan kanwa a kunu. In kukan ya zo, ɗaya ta karɓi jaririya, ɗaya ta zauna. Aka sa wa yarinya suna Hawa. Ana gobe suna Husaina ta yi wa mai jego kitso ƙanana, cikakke, a zama ɗaya, irin wanda mata suka riƙa juya kanta suna kallo. Aka ce ashe yatsan ya warke. Husaina ta ce da sauƙi dai, yakan motsa.

Sai a 1986 aka buɗe iyaka. Uwar Sa'adiya ta zo ta tarar da jikarta tana tafiya, tana jan jelar akuyar nan mai son man shanu.

Husaina ta ci gaba da zama a gindin darbejiya har idonta ya fara gajiya. Sa'adiya ba ta daina zuwa ba, da dalili ko babu. Wata safiya tana zaune a gefen tabarma tana tsintar shinkafa, sai ga wata dattijuwa daga Madécali ta kawo matar ɗanta, yarinya siririya mai kallon ƙasa, tana yabon kunyarta tun kafin su zauna. Husaina ta sa yatsu a kan, ta ɗan jima, ta ce ƙanana za ta yi. Sa'adiya ta ajiye faifai, ta karkaɗe zaninta.

"Iya, taho in kai ki rumfar maigidana," ta ce wa dattijuwar. "An sauke albasa mai kyau, kuma kitson nan sai la'asar."